Wai gwauruwa ta haƙura da gadon duniya tunda tana da na sama?

Maman Tagwaye:

Salamar Ubangiji gare ku 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka san Littafi Mai Tsarki sosai ku taimake ni, maganar nan ta hana ni barci sati biyu kenan.

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntar matanmu, ba zan faɗi suna ko gari ba, a kudancin Kaduna dai muke. Maigidanta ya rasu wata biyar da suka wuce, ciwon kwana huɗu kawai. Ya bar ta da yara huɗu, mata uku, autan ne namiji ko shekara biyar bai kai ba. Ba a yi sati uku da jana'iza ba sai wan mijin ya zo ya ɗauke mashin, ya sa sabon kwaɗo a ɗakin injin niƙa, ya ce gonar citta ma ta gidansu ce. Ku ji fa, gonar nan ita da mijin suka yi ta wahala a kai, shekarar 2023 da cuta ta cinye cittar mutane kaf ita ce ta lallaɓa ta tsira da ɗan iri, da shi suka sake tashi. Yanzu wai in tana son ta ci gaba da zama a gidan sai ta yarda ƙanen mijin ya gaje ta, shi kuma ga matarsa ga 'ya'yansa.

Ta je wurin wani dattijon ikilisiya ta yi kuka, sai ya buɗe mata 1 Bitrus 1:4 ya ce ta bar wa Allah, tana da gado a sama wanda ba ya ruɓewa, kayan duniya ba abin faɗa ba ne. Tun daga ranar ta daina zuwa zumunta. Ran Alhamis na je na same ta zaune a bakin ƙofa tana kallon kwaɗon nan, babbar 'yar tana gida an koro ta saboda kuɗin jarrabawa. Abin da ta ce min shi ya karya min zuciya, ta ce "Mama, ni yanzu ban sani ba ko zunubi nake yi da nake jin zafin abin nan."

Tambayata, haka Littafi ya koyar da gaske? Gwauruwa ta yi shiru a kwashe komai tunda akwai gadon sama? Kuma mu da muke zuwa ziyara me ya kamata mu yi, dan mun je mun yi waƙa mun yi addu'a mun ajiye sabulu da mudu biyu na shinkafa mun tafi, amma a hanya sai na ji kaman ba mu yi komai ba.

Tsohon Malamin Baibul:

'Yata, sannu da wannan nauyi da kika ɗauka. Ki koma ki gaya mata jin zafin zalunci ba zunubi ba ne. Wannan shi ne na farko, kar ki bari ya kwana.

Ayar da dattijon ya karanta gaskiya ce, babu ja. Bitrus ya rubuta wa masu bi da suke warwatse suna shan tsanani, yana ƙarfafa su cewa akwai abin da ba wanda zai iya ƙwace musu. Amma ɗaukar ayar a rufe bakin wadda aka zalunta, shi kuma mai zaluncin a bar shi yana zuwa sujada ran Lahadi babu wanda ya ce masa uffan, wannan an karkatar da Magana. In wa'azin rashin son kayan duniya za a yi, ai wan mijin ne ya fi bukatarsa, shi ne ya kasa haƙuri ko sati uku.

Ki duba yadda Allah yake magana a kan gwauraye. Fitowa 22:22-24, ya ce kada a wulakanta gwauruwa ko maraya, in suka yi kuka gare shi zai ji, kuma hukuncin da ya faɗa a wurin mai tsanani ne, cewa matan masu yin haka su ma za su zama gwauraye. Maimaitawar Shari'a 27:19 la'ana ce a kan mai danne musu hakki, jama'a duka su amsa da amin. Karin Magana 15:25 ya ce Ubangiji yana kiyaye iyakar gwauruwa, iyakar gona fa, ta ƙasa, wadda ake kafa dutse a kai. Allahn da ya yi alkawarin gadon sama shi ne kuma yake tsaron iyakar gonarta a nan.

Ga matar nan ta 2 Sarakuna 4, mijinta ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa ya mutu da bashi, mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai ce mata ta ɗaga ido sama ba, tambayarta ya yi me kike da shi a gida. Da mai ya cika tandaye ya ce je ki sayar ki biya bashin, ke da 'ya'yanki ku ci sauran. A Luka 18 kuma Yesu da bakinsa ya ɗauki gwauruwar da ta dami alƙali da zuwa har sai da ya bi mata hakkinta, ya mai da ita misalin naciya cikin addu'a. Da neman hakki abin kunya ne ga mace mai bi, da bai yi misali da ita ba.

Abin da ke ba ni tsoro ni kaina shi ne Markus 12. Kullum muna wa'azin gwauruwar da ta saka anini biyu a baitulmali idan lokacin baiko ya zo, amma ayar da ta zo daf kafin labarin, aya 40, Yesu yana la'antar malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don a gani. Mu shugabanni mun fi son rabin na biyu.

Maganar ƙanen miji kuwa, masu son fakewa da Maimaitawar Shari'a 25 su karanta da kyau, sharaɗin wurin shi ne mutum ya mutu bai bar ɗa ba, don kada sunansa ya ɓace. Wannan ta haifi huɗu. Mu kuma a sabon alkawari 1 Korantiyawa 7:39 ya ce in miji ya mutu tana da 'yanci ta auri wanda take so, sai dai cikin Ubangiji. Wanda take so. Ba wanda dangi suka ɗora mata da barazanar kora ba.

Ɗan Mawaƙa:

Baba na gode, na ƙaru. Amma ku yi min haƙuri ni ina da ɗan tsoro a nan. A Luka 12:13 wani ya ce wa Yesu ka gaya wa ɗan'uwana ya raba gado da ni, Yesu ya ce wa ya naɗa ni alƙali a kanku, sai ma ya gargaɗe su a kan kwaɗayi. Bulus kuma a 1 Korantiyawa 6 ya ce me ya sa ba za ku gwammace a cuce ku ba da ku kai juna ƙara gaban marasa bi. Na ga gidan da aka je kotu a kan fili, an yi shekaru ana kashe kuɗi, yau yaran ba sa gaisawa da baffanninsu, ranar auren yarinyar babu ko mutum ɗaya daga dangin uba da ya zo. Yaran nan gobe za su bukaci dangin ubansu, musamman namijin. Ba ina goyon bayan wan mijin ba ne, abin da ya yi mugunta ne, amma kar mu zuga ta ta shiga abin da mu za mu koma gidajenmu mu bar ta a ciki ita kaɗai.

Shekara 12 Ba Shi:

Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa rubutu ba, yau dai zan yi.

Ni gwauruwa ce, shekara 12 kenan. Ina da 34 lokacin. Maman Tagwaye, abin da 'yar'uwar nan ta faɗa miki na san shi kaman tafin hannuna, dan ni ma na yi wata da watanni ina roƙon Allah gafara saboda fushi, ina tsammani bangaskiyata ce ta kasa.

Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki. Satin farko gida cike, kujerun roba har waje, mawaƙa suna kwana, ana dafa abinci a manyan tukwane. Sati na biyu a zo a kwashe kujeru. Bayan wata ɗaya shiru. Wanda bai shiga ba gani yake ranar jana'iza ce mafi wuya, ina, wata na uku ne, lokacin da kowa ya koma harkarsa ke kuma kika farka ƙarfe biyu na dare kika miƙa hannu babu kowa, ga yaro da zazzaɓi babu wanda za ki tasa ki ce me za mu yi. A coci ma sai ki ga abubuwa sun canja ba wanda ya faɗa da baki. Matan da kuke dariya tare sai su fara riƙe mazajensu in kin gaishe su. In kin sa kaya mai kyau a ce ta manta da shi tun yanzu, in kin zauna a yamutse a ce ba ta da bege. Ranar taron ma'aurata kuwa gara ki zauna a gida.

Wadda Allah ya yi amfani da ita ya riƙe ni wata tsohuwa ce, ko karatu ba ta iya sosai ba, ta riga mu gidan gaskiya yanzu. Duk ran Talata da yamma sai ta zo da ƙullin gyaɗarta, ta zauna a tabarma muna ɓarewa, wani lokaci har ta tafi ba mu yi maganar kirki ba. Ba ta taɓa ce min daina kuka ba. Tana kiran sunan maigidana, ta ba ni labarin yadda yake yaro, alhali kowa ya daina ambatonsa kaman bai taɓa rayuwa ba. Ta yi fiye da shekara tana zuwa. Wata rana na tambaye ta, Mama, a sama zan zama matarsa? Ta ce a karanta mana Matiyu 22, inda Sadukiyawa suka kawo labarin macen da ta auri 'yan'uwa bakwai, Yesu ya ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa. Gaskiya ranar na yi kuka sosai, na ji kaman an sake ɗauke min shi. Sai ta ce ci gaba da karatu, aka kai inda ya ce shi ba Allahn matattu ba ne, na masu rai ne. Ta riƙe hannuna ta ce to kin ji, yana raye, kuma a can ba wanda zai gaje ki kaman akuya, ke ma magajiya ce da sunanki.

Wannan maganar ita ta tashe ni. Romawa 8:17, magada tare da Almasihu. A gidan mijina sai da aka zauna ana lissafa ni cikin kayan da za a raba, amma a wurin Allah ina cikin masu karɓa. Saboda haka ni ba zan taɓa raina maganar gadon sama ba, da ita nake rayuwa har yau. Abin da nake cewa shi ne ya danganta da bakin da ta fito. Tsohuwar nan ta faɗa min bayan ta yi shekara a tabarmata, kuma ita ce ta je da sandarta ta tsaya a gaban surukaina ranar da aka zo ɗaukar kwanon rufi da muka saya. Wanda bai taka ƙofarki ba, bai san ko yaranki sun ci ba, in ya ce miki gadonki na sama, abin da kunnenki yake ji shi ne tashi ki ba ni wuri.

Ɗan Mawaƙa, maganarka akwai gaskiya, ni ban je kotu ba kuma yarana suna zuwa gidan baffanninsu. Amma ka sani gafarar da na yi na yi ta ne bayan an tsaya min, da raina, ba dole ba. Haƙurin da aka matsa wa mutum ba ya zama gafara, ciwo yake zama, hawan jini yake zama.

Maman Tagwaye ki ci gaba da zuwa, ke kaɗai ma ya fi taro. Ki sa rana ɗaya kar ki fasa. In ba ta zo zumunta ba kar ku aika mata da sakon me ya sa, ki biya ki ɗauke ta ku tafi tare ki zauna kusa da ita.

Ɗalibin Lauya:

Mama sannu, Allah ya ƙara ƙarfi. Ni zan ɗan taɓa ɓangaren doka, dan mutanenmu da yawa suna ganin al'ada ta fi ƙarfin komai.

A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu. Shari'ar Anekwe da Nweke, daga Awka, dangin miji sun so korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji, kotu ta yi watsi da al'adar da kakkausar murya. Shari'ar Ukeje kuma ta ce hana 'ya mace gadon ubanta ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. A kan al'adar Ibo aka yi su amma hukuncin Kotun Ƙoli ya shafi ƙasa duka. Akwai kuma dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, sashe na 15 ya mai da cutar da gwauruwa da sunan al'ada laifi, ɗauri har shekara 2 ko tara har naira 500,000 ko duka biyu. Ta tarayya a Abuja take aiki, amma jihohi da yawa sun yi tasu har da Kaduna.

Sai dai a bambanta, gonar gado ta gida wadda aka ba shi ya noma daban, abin da ya saya da guminsa daban. Mashin da injin niƙa in akwai rasit ta ɓoye shi yanzu yanzu, da takardar aure, da takardar shaidar mutuwa, da na haihuwar yara, ta ba wani amintacce ya ajiye mata kwafi. Irin auren da suka yi ma yana da tasiri, ko na rajista ne ko na gargajiya kawai. In yana da kuɗi a banki ko fansho sai an nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu, sunan da ya rubuta a fom a matsayin na kusa da shi ba shi ke nuna mai gado ba. Kuma kar ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kowace takarda da ba a karanta mata ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa irin waɗannan mata kyauta, sau da yawa ma da sulhu suke farawa, wasiƙa ɗaya daga lauya takan sa mutum ya dawo hankalinsa.

Maza kuma mu rubuta wasiyya. Ba kiran mutuwa ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi kowa ya san rabon matar mamaci, ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, a rubuce yake. Mu a wurare da yawa mun bar abin a hannun wanda ya fi ƙarfi a gida.

Tsohon Malamin Baibul:

Ɗana Ɗan Mawaƙa, ka kawo ayoyi masu kyau, amma ka koma 1 Korantiyawa 6 aya 5. Bulus kunyata su yake, ya ce ashe babu ko mai hikima ɗaya a cikinku da zai iya sasanta 'yan'uwa? Wato nauyin a kan ikilisiya yake ta zauna ta yi shari'ar gaskiya. A aya 8 kuma ya juya kan masu cutar da 'yan'uwansu. Ba za mu hana ta kotu mu kuma ƙi zama a kan maganar ba.

A Ayyukan Manzanni 6 ma gunaguni ne ya tashi cewa ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a daina gunaguni ba, taro suka kira aka zaɓi mutum 7 cike da Ruhu da hikima, har da Istifanas. 1 Timoti 5 kuma ya nuna har rajistar gwauraye suke da ita, ya ɗora nauyin farko a kan dangi, aya 8 ta ce wanda bai kula da nasa ba ya fi marar bi muni. To ina ga wanda ya ƙwace? In wan mijin nan yana cin jibin Ubangiji, dattawa su kira shi bisa Matiyu 18, a fara a keɓe, in ya ƙi a ƙara shaidu.

Maman Tagwaye:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka. Mama Shekara 12, na karanta mata naki daga waya jiya, da na kai wurin akuyar nan ta rufe fuska da zani ta yi kuka mai yawa, daga baya ta ce in sake karantawa.

Ga inda muke. Na sami uwar zumunta, mu biyu muka je wurin Baba Fasto, ashe bai ma san an kulle ɗakin injin ba, abin da aka gaya masa wai ƴar rashin jituwa ce ta cikin gida. Ya ce zai kira wan mijin da dattawa ran Asabar mai zuwa, kuma za a gayyaci mai unguwa tunda ya san iyakar gonar. Rasit na injin mun same shi a cikin Littafin marigayin, a ninke wajen Zabura, na mashin ne ba mu gani ba. Kuɗin jarrabawar yarinyar mata sun yi karo-karo, saura kaɗan.

Na zaɓi ran Alhamis. Ita dai har yanzu ta ce ba za ta iya shiga coci ta ga dattijon nan a gaba ba, ban matsa mata ba. Ɗalibin Lauya dan Allah ka duba saƙonka, na tura maka hoton takardar aurensu ka gaya min ko ta rajista ce kafin Asabar.